Takobin Ƙasa Daga Fagen Ƙauye Yake Fitowa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa buɗe rumfa a kwanakin kokowar Takobin Ƙasa ya san abin da ke samun ciniki da zarar an yi la'asar. Mai shago ya kan ɗora rediyo bisa buhun shinkafa, mai awon gero ta tsaya da tiya a hannu, tela ya ɗaga ƙafa daga keke, ɗan kabu-kabu ya kashe babur ya raɓu da teburin mai shayi. Wanda ya zo sayen gishirin dala biyar sai ya yi haƙuri har a yi kaye, kuma ba ya jin haushi, domin shi ma kunnensa yana can. Haka abin yake a Matamaye, haka yake a kasuwar Dole ta Damagaram, haka a Gaya, haka a Bilma. Kwana goma cur ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 ta kan zama kamar zaure guda, kowa na sauraren abu ɗaya.

Jama'a, wannan abu bai faɗo daga sama ba. Shirya shi aka yi, da niyya da dabara, shekaru hamsin da suka wuce, lokacin da ƙasarmu take ƙarama a shekaru, ga yunwa, ga rashin sanin juna. Yau muna so mu waiwaya mu ga yadda aka yi kokowa ta zama igiyar da ta ɗaure tsintsiyar Nijar, sannan mu dubi inda igiyar ta fara sassautawa, domin wurin da take sassautawa yana nan kusa da mu, a ƙauyuka da unguwannin gundumar Kance, kuma gyaransa ya fi kusa da hannun ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a fiye da hannun kowane minista.

Ƙasa sabuwa, jama'a ba su san juna ba

Ranar 3 ga Agusta 1960 da Nijar ta samu ƴancin kanta ƙarƙashin shugaba Jori Hamani, mutanenta ba su fi miliyon 3 da ƴan kai ba. An ba mu tuta, an ba mu taken ƙasa, an shata mana iyaka, amma sanin juna sai a hankali. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Difa kuwa ya haura 1,300, kuma a wancan zamani tafiyar ta kwanaki ce a bayan babbar mota. Mutumin Matamaye ya fi sanin Daura da Kano fiye da Yamai: can yake kai gyaɗa da dabbobi, can yake saro atamfa da goro, can danginsa suke aure. Bazabarme na bakin Kwara labarinsa kawai yake ji. Ga kuma tsohon miki, domin dattawan Damagaram ba su manta ba cewa garinsu ne fadar mulki kafin Turawa su mayar da ita Yamai a 1926.

Ana cikin haka sai fari ya zo. Yunwar 1973 zuwa 1974 ta karkashe dabbobi, ta share rumbuna, ta watsa iyalai. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓe mulki ƙarƙashin Laftanan-Kanar Seyni Kunce. Sabuwar gwamnati ta rushe jam'iyya da majalisa, saboda haka tana bukatar wata hanyar da za ta tara jama'a, musamman matasa. Sai ta waiwayi abin da yake hannu. Ta farfaɗo da Samariya, tsohuwar ƙungiyar samari da ƴan mata ta gargajiya, mai sarkin samari da muƙamanta, wadda ta riƙa yin aikin gayya, tana gina azuzuwan makaranta, tana share gari, tana shuka itatuwa. Ta kafa bikin matasa na ƙasa mai zagaya jihohi. A 1975 kuma, a garin Tawa, aka buɗe gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa na fari.

Ba mu ce soja sun yi haka don son wasa kaɗai ba. Kowace gwamnati tana son fagen da za a taru a tafa mata, kuma gwamnatocin da suka biyo bayan Kunce, masu kaki da masu babbar riga, sun zauna a rumfar manya sun miƙa takobi da hannunsu. Amma gwamnatoci sun zo sun wuce, kokowa tana nan. An tsallake wasu shekaru, duk da haka a watan Disamban 2023 an yi karo na 44 a Agadas, aka yi na 45 a Doso a ƙarshen 2024. Abubuwan da aka kafa a ƙasar nan suka yi irin wannan tsawon rai ba su da yawa.

Dabarar da ke cikin tsarin

Me ya sa kokowa ta karɓu haka? Dalili na farko shi ne ba baƙuwa ba ce. Tun kafin zuwan Bature, idan aka yi kaka aka cika rumbu, samarin wannan ƙauye su kan tafi wancan da makaɗansu, a yi da'ira a dandali a farin wata, a gwada ƙashi. Hausawa suna yi, Zabarmawa suna yi, Barebari suna yi. Ba ta neman takalmi, ba ta neman raga ko ƙwallon da za a sayo daga waje. Yashi, ganga da ƙarfin tuwo, shi ke nan. Ɗan talakan da bai taɓa shiga lakwal ba, wanda ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya, yana iya zama mutumin da shugaban ƙasa zai miƙe tsaye ya gaisa da shi. A ƙasar da aikin gwamnati sai mai takarda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalili na biyu shi ne adalcin rabo. Kowace jiha tana kawo ƴan kokowa goma. Jihar Damagaram da ta fi kowace yawan jama'a goma take kawowa, Agadas da Difa masu ƙarancin jama'a su ma goma. Jihohi takwas, gardawa tamanin. Kowace jiha sai ta kara da ƴan uwanta, a yi ta tankaɗe da rairaya har a rage waɗanda ba su sha kaye ba, daga cikinsu a fitar da biyu, ɗaya ya ɗauki takobi. Ba a tambayar ƙabilar mutum, sunan jiharsa kawai ake kira.

Dalili na uku shi ne zagaye. Gasar ba ta zauna a Yamai ba, kowace shekara wata jiha ke karɓar baƙunci. Ta haka ne direba daga Tilaberi ya kwana a Birnin Damagaram ya ci abincin mutanenta, makaɗi daga Doso ya ga Agadas da idonsa. Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen 2022 a Difa aka yi karo na 43, jihar da ta sha fama da hare-haren Boko Haram tun 2015. Zuwan tawagogin jihohi bakwai can, da kwana goman da suka yi, ya faɗa wa mutanen Difa abin da dogon jawabi ba zai faɗa musu ba, wato ba a manta da su ba.

Sai kuma rediyo. Mu da muke wannan aiki mun san cewa in ba don Muryar Sahel ta riƙa kai kokowa kai tsaye cikin harsunan ƙasa ba, da abin ya tsaya ga waɗanda suka samu shiga fage. Rediyo ne ya sa tsohuwar da ke Dungu ta san sunan Kadade na Tawa da Salma Ɗan Rani na Doso, ya sa yaron da ke Ayoru ya san Langa-Langa da Badamasi na Damagaram. Daga baya talabijin da rediyoyi masu zaman kansu suka ƙara faɗaɗa abin, yanzu kuma ga wayar salula. Balla Haruna da ya ɗauki takobi sau uku, Laminu Mai Daba da ya kai shi Agadas, Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka, wanda ya cika na shida a Agadas a 2023, duk sun zama na kowa. Waƙoƙin Sagalo kuwa har a gidan biki ake sa su. Yau filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Ƴaƴan manoma ne waɗannan, ba janar-janar ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu lura da shi. Fagen kokowa makaranta ce ta koyon shan kaye. Ƙato ya yi kirari, ya cika baki, an ɗaura masa layu, an yi masa kiɗa, minti biyu sai ga bayansa a ƙasa. Ya tashi ya kakkaɓe yashi, wanda ya kada shi ya rungume shi, wani lokaci har ya ɗauke shi ya raka shi wurin zamansa. Ƴan cali-cali su fito su kwaikwayi faɗuwar, jama'a su yi dariya, gobe a sake haɗuwa. Wannan ɗabi'a ƴar uwa ce ga wasan taubasantaka da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa, ko Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Ƙasar da mutanenta suka iya faɗuwa ba tare da ɗaukar makami ba ta samu babban jari.

Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba

Maƙwabtanmu na Najeriya, bayan yaƙin basasar da suka yi daga 1967 zuwa 1970, sun kafa gasar wasanni ta ƙasa a Legas a 1973 a zamanin Yakubu Gowon, domin matasan da iyayensu suka harbi juna su haɗu a fili ɗaya. A Afirka ta Kudu, a 1995, Nelson Mandela ya shiga fili sanye da rigar ƙungiyar wasan rugubi, wasan da baƙaƙen fata suke ɗauka na Turawan da suka zalunce su ne, ya miƙa wa kaftin Bature kofin duniya. A Kodebuwa, lokacin da ƙasar ta rabu biyu, Didier Drogba da abokansa sun durƙusa gaban kamara a 2005 sun roƙi a ajiye makamai, a 2007 kuma aka kai wasan ƙungiyar ƙasa garin Buwake, hedikwatar ƴan tawaye.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan daɗi a wasannin zamani. Isaka Dabore ya kawo mana lambar tagulla a damben zamani daga gasar Olimfik ta Munik a 1972. Sai da aka yi shekara 44 kafin Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo ta azurfa a tekwando daga Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. A Disamban 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci karo na biyar. A Oktoban 2010 Mena ta doke Masar da ci ɗaya a filin Seyni Kunce, ƙwallon Musa Mazu, daga nan ta samu zuwa gasar kofin Afirka ta 2012 karo na farko ƙarƙashin mai horaswa Haruna Dula, ta sake zuwa a 2013. Wanda ya ga yadda gari ya cika da tuta a waɗancan ranaku ba zai manta ba.

Sai dai irin wannan murna kamar ruwan bazara take, ta sauko ta jiƙa ƙasa ta ɗauke, a jira shekaru. Ƙwallon ƙafa na manya yana bukatar fili na biliyoyi, jirgin sama da otal, har ta kai a shekarun baya Mena ta sha buga wasanninta na gida a Maroko saboda hukumar ƙwallon Afirka ba ta amince da filinmu ba. Kokowa kuwa kamar ruwan ƙorama take, daga ƙarƙashin ƙasarmu take ɓuɓɓugowa, kowace shekara tana nan.

Rabon ɗan kasuwa a ciki

Wani zai ce, to mu da muke neman na cefane, ina ruwanmu da wasa? Alhaji, Hajiya, ruwanku ne ƙwarai. Duk garin da ya karɓi gasar takobi ya kan cika da baƙi na kwana goma ko fiye, kuma kowane baƙo ciki gare shi. Mai tuwo, mai fura, mai ƙosai, mai kilishi, mai tsire, mai ruwan sanyi, mai tabarma, mai gidan haya, tela, wanzami, direban tasha, kowa sai ya ga canji a aljihunsa. Lokacin kuma ya dace da sanyi, daidai da fitowar rake, kuma kowa ya san raken ƙoramun yankinmu har Yamai da Agadas ake loda shi. Ko kokowar ƙauye ta yini ɗaya ƙaramar kasuwa ce: matan garin su kan sayar da abin da ba su sayar a mako guda ba.

Akwai kuma ribar da ba a ƙirga ta da jika. Ciniki amana yake so. Ɗan kasuwar Matamaye da ya sauke kaya a Doso ko Tawa, kafin a fara maganar farashi sau da yawa da zancen kokowa ake buɗe baki: wa ya kada wa, ina gwaninku ya kwana. A yi dariya, a tsokani juna, sannan a zo kan awo. Mun kuma ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Hanyar Ɗan Barto ta yi tsit, kaya suka yi tsada, dole mutane da yawa suka juya suna neman abokan hulɗa a cikin gida, ta Takeita zuwa gabas da yamma. A irin wannan rana ce mutum ke gane amfanin zama ɗan ƙasar da mutanenta suka san juna.

Inda igiyar take sassautawa

To, ga inda gizo yake saƙar. Gardawa tamanin da muke gani a talabijin ba a Yamai aka haife su ba. Kafin mutum ya shiga cikin goman jiha, sai ya yi fice a ƙauyensu, ya wuce zaɓen ƙaramar hukuma, ya wuce na gunduma, sannan na jiha. Wato ƙarfin tawagar Damagaram yana farawa ne daga dandalin Kurni, Tsauni, Yawuri, Ishirnawa, Dungu, Ɗan Barto, Kance da Matamaye, da ire-irensu a Magarya da Mirya. Idan waɗannan dandali suka mutu, takobi zai zama kamar itacen da aka sare wa saiwa, ganyensa kore a ido amma kwanansa ƙirgagge.

Kuma alamun suna nan, duk mai ido ya gani. Na farko, fili. Ƙasarmu ta Kance tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, gona ta yi kaɗan, gari yana faɗaɗa. Wurin da yara ke kokowa da langa da ƙwallo jiya, yau an yanka shi fuloti, an sa tubali. Ba mu ga laifin mai gina gida ba, amma idan ana rabon filaye a ware na masallaci, na makaranta da na kasuwa, a manta da na wasa, to an manta da rabin mutanen gari, domin kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba.

Na biyu, ci-rani. Da, bayan kaka ne lokacin kokowa. Yanzu bayan kaka ne lokacin tasha. Kafin a gama sussuka samari sun kama hanyar Kano, Legas, Agadas, Jado, Libiya ko Aljeriya. Waɗanda suka rage kuma da yawa suna zaune a fada daga safe har dare, ga shayi, ga waya, wasu har da ƙwayar tramol. Saurayin da ba shi da inda zai kai ƙarfinsa da yamma, wani zai nemo masa inda zai kai shi, kuma ba lalle ya zama wurin alheri ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, kuɗi sun taru a sama, ƙasa ta bushe. Sarkin kokowa na yau yana samun miliyoyi, ga kyaututtukan attajirai da kamfanoni, kuma ya cancanta. Amma yaron da ke tasowa a ƙauye ba shi da mai saya masa ko tiyar gero da zai ƙara ƙarfi, ba shi da kuɗin motar zuwa zaɓen gunduma. Idan ya yi fice, sai wata jiha mai hannu da shuni ta janye shi, a wayi gari ɗanmu yana kada ƴan uwansa da sunan wani wuri. Kowace shekara kuma sai an ji gunaguni a rumfunan kasuwa cewa wane ya sayar da kaye. Ko gaskiya ne ko zargi, yawan faɗarsa kaɗai ya isa ya rage wa fage daraja, kamar yadda zargin tauye mudu ke kashe kasuwa.

Na huɗu, tsufa. Ƙarfi ba ya daɗewa. Ɗan kokowar da bai kai ga takobi ba, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana ɗaga sunan gundumarsa, yakan ƙare da ciwon gwiwa da na baya, ba gona mai yawa, ba sana'a, ba fansho. Yara suna kallonsa, iyaye ma suna kallonsa. Uwar da ta ga haka, da wane baki za ta ce wa ɗanta ya shiga fage?

Kokowa ba ta cika rumbu

Kada mu ruɗi kanmu. Wasa ba ya maye gurbin abinci, ko asibiti, ko makaranta. Mutanen wannan yanki ba za su manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, mafi yawansu daga ƙasar Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Allah ya ji ƙansu da rahama. Ba rashin filin wasa ya fitar da su daga gida ba, talauci ne. Duk shugaban da ya ba mu kiɗa da takobi ya hana mu taki da rijiya da magani, bai gama aikinsa ba, kuma haƙƙinmu ne mu faɗa masa.

Amma gina ƙasa ba aiki ɗaya ba ne. Akwai na ciki, akwai na zuciya. Garin da ke da abin da yake taruwa a kai, wanda yaransa ke da gwanin da suke son su zama kamarsa, wanda saurayi zai ce bari in tsaya sai bayan kokowar gunduma kafin in tafi, ya fi garin da ba abin da ke tara shi sai jana'iza. Mutanen Matamaye da Magarya da Mirya sun nuna wa duniya cewa sun iya raya abu daga saiwa: su ne suka bar tohon gawo yana girma a gonakinsu har yankin ya sake yin duhun itatuwa, masana daga ƙasashe suna zuwa kallo. Ba wani babban kamfani ya yi musu ba, kowane manomi ne ya kula da na gonarsa. Irin wannan kula ce kokowar ƙauye take nema.

Abin da yake hannunmu

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce ƴan kasuwa da mata masu sana'a 200 sun yarda kowace ranar kasuwa kowa ya ajiye dala ashirin. Jika 20 ke nan a mako. A shekara ya haura miliyon guda. Iyayenmu mata da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da dala ta ɓata ba sun fi kowa sanin yadda ake tsare irin wannan asusu, kuma mu a ganinmu a hannunsu ya kamata ya zauna. Da wannan kuɗi ana iya shirya kokowar bayan kaka tsakanin ƙananan hukumomi tara na gundumar, a zuba yashi, a biya makaɗa da alƙalai, a ba wanda ya yi nasara buhun gero ko tunkiya, a biya wa yara kuɗin mota zuwa zaɓe, a kuma ware wani abu don tsofaffin ƴan kokowa, waɗanda su ne za su zama malaman yaran.

Sarkin kasuwa da shugabannin ƴan kasuwa suna da bakin da ake ji a ma'aikatar magajin gari da fadar sarki. Tunda ana karɓar kuɗin rumfa da na tikiti kowane mako, ba roƙo ba ne idan sun nemi a ware wa kowace sabuwar unguwa filin wasa, a yi masa takarda, a kafa masa iyaka yadda ba mai sayar da shi gobe. Alhazan da ke yi wa gwani ruwan kuɗi a fage ranar da kamara ke kallo, muna roƙonsu su riƙa tuna shi a watan da ba kowa: a ba shi jari, a koya masa awo, a sa shi a shago, domin ranar da gwiwa ta gaza ya samu abin dogaro. Kada kuma a manta da ƴan mata. Ɗiyar da ke gudu ko ƙwallon hannu a filin makaranta lafiyarta take ginawa, kuma sau da yawa wasan ne ke sa ta ƙara son zaman aji.

Mu ma ƴan rediyo da namu rabon. Bai kamata mu jira sai Disamba sannan mu tuna da kokowa ba. Idan an yi ta a Tsauni ko Yawuri, mu kai makirufo can, mu kira sunan yaron da ya yi kaye, uwarsa ta ji a rumfarta, ƙannensa su ji a gida. Kantu ma da haka ya fara kafin ƙasa ta san shi.

Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son ya ga takobi ya dawo Damagaram, har wata rana a ce ɗan gundumar Kance ne ya ɗauko shi aka zagaya da shi kasuwar Matamaye, to tun bana zai fara ajiye dalarsa ashirin. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa kasuwa albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.